Zari-ruga: Wa ake zaɓa ya wakilci Najeriya, kuma ta wace hanya yaron Fakku zai kai ga jerin sunayen?

A watan Yulin 2025, a birnin Kampala na ƙasar Yuganda, Zimbabuwe ta doke Namibiya da maki 30 da 28 a wasan ƙarshe na gasar zari-ruga ta Afirka, nasarar da ta ba ta gurbi a Gasar Cin Kofin Duniya da za a yi a Ostareliya a 2027. Rabon Zimbabuwe da wannan gasa tun 1991. Ƙasashe takwas ne suka fafata a Kampala, kuma babu Najeriya a cikinsu. A daidai wannan lokaci, a can Ostareliya, Maro Itoje, wanda iyayensa 'yan Najeriya ne, shi ke riƙe da kyaftin na tawagar haɗin gwiwar Birtaniya da Ireland da ake kira Lions, wadda ta ci wasa biyu cikin ukun da ta buga da masu masaukin baƙi. Shi ne baƙar fata na farko da aka naɗa kyaftin ɗin wannan tawaga, kuma tun watan Janairun shekarar yake jagorantar Ingila.

Waɗannan al'amura biyu sun sake tayar da tambayar da ke biyo bayan duk wani jerin sunaye da aka fitar domin wakiltar ƙasa: wa ya cancanci shiga, kuma wa ya yanke hukuncin? Ga matashin da ke Fakku a ƙaramar hukumar Kebbe, ko maƙwabcinsa na Tambuwal, tambayar ta wuce ta wasa. Ita ce dai wadda yake yi idan an fitar da sunayen waɗanda suka samu aikin gwamnati ko tallafin karatu, ya duba daga sama har ƙasa bai ga kowa daga yankinsu ba.

Abin da dokar wasan ta tanada

Hukumar zari-ruga ta duniya, World Rugby, ta shimfiɗa sharuɗɗan bugawa ƙasa wasa. Ɗan wasa ya cancanta idan a ƙasar aka haife shi, ko a can aka haifi ɗaya daga cikin iyayensa ko kakanninsa, ko kuma ya shafe shekara biyar a jere yana wasa a cikinta. A watan Nuwamban 2021 hukumar ta ƙara wata ƙofa, wadda ta fara aiki a farkon 2022: wanda ya taɓa bugawa wata ƙasa yana iya sauya sheƙa sau ɗaya zuwa ƙasar haihuwarsa ko ta iyayensa ko kakanninsa, muddin ya yi wata 36 bai bugawa ta farkon ba.

A bisa wannan doka, Najeriya na cikin ƙasashen da ke da tarin waɗanda suka cancanta a waje. Tarihin Ingila kaɗai ya isa shaida. Victor Ubogu, haifaffen Legas, da Adedayo Adebayo, haifaffen Ibadan, da Steve Ojomoh, haifaffen birnin Benin, duk sun bugawa Ingila a shekarun 1990. Andrew Harriman, shi ma haifaffen Legas, shi ne kyaftin ɗin Ingila lokacin da ta ɗauki kofin duniya na farko na zari-rugar 'yan bakwai-bakwai a 1993. Bayansu kuma aka yi Ugo Monye da Anthony Watson da Beno Obano. Ƙarƙashin waɗannan taurari akwai matasa masu yawa 'yan asalin Najeriya da ke wasa a ƙungiyoyin Ingila ba tare da an taɓa kiransu babbar tawagar can ba, kuma a cikin irinsu ne tawagar Najeriya, wadda ake kira Black Stallions, ta riƙa neman ƙarin ƙarfi.

Hujjar masu zaɓen 'yan waje

Mai horarwa da aka ba 'yan makonni ya haɗa tawaga yana da hujja mai ƙarfi idan ya juya ga Landan. Zari-ruga wasa ne na ƙwarewar gurbi. A wasan 'yan sha biyar, takwas na gaba ne bakwai na baya, kuma ukun da ke sahun farko na turereniya suna ɗaukar nauyin mutane da yawa a wuyansu da kafaɗunsu. Saboda haɗarin da ke ciki, doka ta wajabta wa tawaga mai mutum 23 a ranar wasa ta tanadi ƙwararrun 'yan canji a waɗannan gurabu uku. Ba a koyon wannan a sansanin mako biyu, kuma wanda aka jefa cikinsa ba tare da horo ba yana iya rasa lafiyarsa har abada. Ɗan wasan da ya taso a makarantar Ingila ya shafe shekaru yana wasa kowane mako, ƙarƙashin masu horarwa da likitoci.

Masu wannan ra'ayi kan kafa hujja da ƙwallon ƙafa. A Landan aka haifi Ademola Lookman, ya bugawa matasan Ingila, ya koma Najeriya a 2022, sannan ya zama gwarzon ɗan ƙwallon Afirka na 2024. Babu mai cewa ba ɗan ƙasa ba ne idan ya jefa ƙwallo a raga.

Sai dai wannan hanya tana da iyaka, kuma Tonga ta nuna ta. Ta je Gasar Kofin Duniya ta 2023 a Faransa da tsofaffin taurarin New Zealand irin su Charles Piutau, amma wasa ɗaya ta ci, ta dawo tun daga zagayen rukuni. Mutanen da suka haɗu a filin jirgi ba sa zama tawaga cikin kwana goma. Ƙari a kan haka, zakaran gwajin dafi irin Itoje ba zai bar Ingila ba. Waɗanda ake samu galibi su ne waɗanda manyan ƙasashe suka tsallake. Babbar asarar kuwa a gida take. Idan ɗan wasan ƙungiyar Barewa ta Kano ko ta Cowrie ta Legas ya yi shekara yana atisaye cikin rana, sannan aka fitar da suna ya ga an cike gurabu da waɗanda bai taɓa karawa da su ba, gwiwarsa za ta yi sanyi, ƙaninsa da ke kallonsa kuma ba zai ma fara ba.

Ƙasashen da suka fi ƙarfi a wasan sun ɗauki matsayi mabambanta a kan wannan. Ingila da New Zealand ba sa zaɓen ɗan wasan da ke bugawa ƙungiyar waje, domin su kare gasarsu ta cikin gida. Afirka ta Kudu kuwa tana kiran 'ya'yanta daga Japan da Faransa da Ingila. Amma waɗanda take kira ɗin a makarantunta da ƙungiyoyinta suka koyi wasan kafin su fita neman kuɗi. A nan bambancin yake da Najeriya.

Rabon gurabu ko cancanta

Matashin da ke bin siyasa zai iya cewa: ai akwai tsarin daidaiton wakilci da sashe na 14 na kundin tsarin mulkin 1999 ya tanada, me zai hana a raba gurabun tawagar ƙasa tsakanin shiyyoyi shida? Afirka ta Kudu ta bi irin wannan hanya, kuma labarinta na da darasi. Lokacin da ta ci kofin duniya a 1995, Chester Williams ne kaɗai wanda ba farar fata ba a tawagar. Shekaru suka shuɗe ana kafa adadi ana kasa cikawa, har a watan Afrilun 2016 ministan wasanni Fikile Mbalula ya haramta wa hukumar zari-rugar ƙasar neman karɓar baƙuncin manyan gasa saboda gazawarta a wannan fanni. A 2018 mai horarwa Rassie Erasmus ya naɗa Siya Kolisi kyaftin, baƙar fata na farko a wannan matsayi, shi kuma ya ɗaga kofin duniya a 2019 da 2023.

Matsin lambar gwamnati ya yi tasiri, domin ya tilasta wa masu zaɓe su duba inda a da ba sa dubawa. Amma Kolisi bai faɗo daga sama ba. A unguwar talakawa ta Zwide ya taso, a can ya fara wasa yana ƙaramin yaro, aka gan shi a gasar yara, aka ba shi tallafin karatu a makarantar Grey. Makazole Mapimpi, wanda ya fara dire wa ƙasarsa ƙwallo a wasan ƙarshe na 2019, ɗan ƙauye ne daga lardin Eastern Cape, inda baƙar fata suka fi shekara ɗari suna buga wasan. Adadin da aka kafa ya buɗe ƙofa ne ga mutanen da tuni suka iya. Idan aka ware wa Arewa maso Yamma gurabu a tawagar Najeriya alhali makarantun Kebbe ba su san ƙwallon ba, abin da zai biyo baya sananne ne: gurbin zai tafi ga wanda ya san wani, kamar yadda ake kuka da shi a wasu fannonin.

Abin da Fakku ke da shi

Yankin kudancin Sakkwato ba baƙo ba ne ga wasannin ƙarfi. Bayan kaka, idan amfanin gona ya shiga rumbu, dandalin kokawa da dambe kan cika a garuruwan ƙasar Hausa, yara kuma na tasowa da langa. Riƙon ƙugu, da sanin yadda ake karya ƙarfin abokin karawa, da juriyar faɗuwa a tashi, duk abubuwa ne da zari-ruga ke nema. Abin da ya rage shi ne hanya. Ƙungiyoyin da aka fi sani a Arewa suna Kano da Kaduna da Zariya da Jos, tafiyar ɗaruruwan kilomita daga Kebbe, a lokacin da kuɗin mota ya yi tsada, matsalar tsaro kuma ta sa iyaye ɗari-ɗari da tafiye-tafiye.

Cewa ɗan Sakkwato zai iya kaiwa ƙololuwa ba abin musu ba ne. Shehu Abdullahi, haifaffen Sakkwato, ya bi ta Kano Pillars har ya ci tagulla a gasar Olamfik ta 2016, ya kuma je Kofin Duniya na 2018. Ya kai can ne domin ƙwallon ƙafa na da tsani: unguwa, makaranta, ƙungiyar jiha, gasar ƙasa. Maƙwabciya Nijar ma ta gina irin wannan tsani a kokawa. Tun 1975 take gudanar da gasar takobi ta ƙasa, inda kowace jiha cikin takwas ke tace gwanayenta ta turo mutum goma. Ana iya sukar alƙalanci, amma ɗan kokawar ƙauyen Dosso ko Tawa ya san matakan da zai taka.

A zari-ruga, hanya mafi sauƙi ita ce wasan 'yan bakwai-bakwai: mutum bakwai a kowane ɓangare, minti bakwai kowane rabi, kuma yana cikin wasannin Olamfik tun 2016. Fiji, mai yawan jama'a ƙasa da miliyan ɗaya, ta ci zinare a Rio. A shekarar ce kuma Kenya ta lallasa Fijin da maki 30 da 7 a wasan ƙarshe a Singapore, da 'yan wasan da makarantunta da ƙungiyoyinta suka raina. Akwai ma nau'in wasan da ba a kayar da kowa, taɓawa kawai ake yi, wanda ake iya koya wa yara maza da mata a busasshen filin makaranta da ƙwallo ɗaya.

Wa za a tambaya

A watan Oktoban 2024 Shugaba Bola Tinubu ya rushe ma'aikatar wasanni ya miƙa aikinta ga Hukumar Wasanni ta Ƙasa ƙarƙashin Shehu Dikko. Wannan hukuma da Hukumar Zari-ruga ta Najeriya su ne ya kamata su amsa tambayoyin farko. Kafin kowace gasa, a wallafa ƙa'idojin zaɓe: nawa za su fito daga gasar cikin gida, nawa daga waje, a ina za a yi gwaji, su wa ke zaɓen. A yi gwajin a fili a kowace shiyya, a fitar da sakamako. Ɗan waje da aka kira kuma a haɗa shi da sharaɗin ba da wasu kwanaki yana koyarwa a makarantu, domin abin da ya zo da shi ya zauna bayan ya koma.

Sauran tambayoyin na gida ne. Gwamnatin Ahmad Aliyu ce ke da makarantun sakandare da filin wasa na Giginya, kuma ita ke tura tawagar jiha zuwa Bikin Wasanni na Ƙasa, inda masu zaɓe ke zuwa kallo. Ƙananan hukumomin Kebbe da Tambuwal kuwa, tun bayan hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yulin 2024 da ya ce a riƙa ba su kasonsu kai tsaye, matasa na da hurumin tambayar nawa aka ware wa wasannin makarantu, kuma malamin motsa jiki nawa ke aiki a gundumar Fakku.

Gasar 2027 ta riga ta wuce Najeriya. Cikin ƙasashe 24 da za su je, Afirka ta Kudu da Zimbabuwe ne za su wakilci nahiyar. Ta 2031 a Amurka za a yi ta. Yaron da zai kai shekarun buga wannan gasa yanzu yana sakandare, kuma ko sunansa zai iya shiga jerin ya danganta ne da abin da hukumar wasan da gwamnatin jiha da ƙaramar hukuma za su sanya a kasafin kuɗin shekarun nan masu zuwa.