Kada Mu Ƙona Shara Da Magariba

Duk wanda ya bi ta Wuro Hausa ko hanyar Jimeta da magariba a lokacin ɗari ya san yadda hayaƙi ya kan kwanta bisa unguwa kamar an shimfiɗa mayafi. Hayaƙin murhu ne, da na shara, da na tsofaffin tayoyi da leda. Mutane su kan ce ai iska za ta kwashe. To, jama'a, bari mu duba ko haka ne.

Da rana, in ƙasa ta yi zafi, iskar da ke kusa da ita ta kan tashi sama, ta sanyi kuwa ta sauko, su yi ta cuɗanya kamar ana dama fura da ludayi. Hayaƙin da ya shiga cikinsu sai ya watsu, ya tsinke. Amma da faɗuwar rana ƙasa ta kan huce da sauri. Iskar sanyi tana da nauyi, sai ta taru a kwarin Binuwai, mai ɗumi ta zauna bisanta kamar faifai a bakin ƙwarya. Damu ya tsaya ke nan. Abin da aka ƙona a sa'an nan yana nan daidai hancin yaranmu har hantsi.

Ba kuwa zama kurum ya ke yi ba. Abubuwan da ke cikin hayaƙi, in sun daɗe tare wuri ɗaya, su kan haɗu su haifi wani abu dabam. Haka ya faru a Landan cikin Disamba 1952. Iska ta tsaya cik kwana biyar, hayaƙin kwal mai farar wuta ya gamu da laimar hazo, ya zama ɗigo-ɗigon irin ruwan batir, mutane suna shaƙa. Aka ƙidaya mutum wajen 4,000 da suka mutu, daga baya masana suka ce sun kai 12,000. Sai a 1956 Ingila ta yi dokar tsabtace iska. Su sai da suka yi hasara suka koya. Mu gani ga wane ya ishe mu.

Wani zai ce da rana kowa yana wurin aiki, yaushe za a ƙona? Gaskiya ne, amma tarin jariri da fukar tsohuwa sun fi wannan wahala tsada. Ganye da bawo a zuba su rami su zama taki. Abin da ya zama dole a ƙona, a bari sai tsakar rana, nesa da gidaje. Taya da leda kuwa kada a sa musu wuta ko kaɗan, gama iska ba ta kashe dafinsu, maƙwabta ta ke kai wa.

'Yan'uwana masu koyon malanta, wannan aikinmu ne. In mun fita koyarwa, mu sa yara su dubi hayaƙin murhu da asuba, su sāke dubawa da azahar, su faɗi bambancin da bakinsu. Yaron da ya gani da idonsa shi zai gaya wa uwarsa a gida. Allah ya ba mu lafiya, amin.