Fiya-fiya a buhun wake: abin da bincike ya tabbatar da abin da ya rage mana

Duk wanda ya taɓa ajiye wake a Mile 12 ko Bodija ya san yadda zafi da laimar Kudu ke sa ƙwari su huda buhu cikin 'yan makonni. Shi ya sa wasu cikinmu ke yayyafa fiya-fiya, ko Sniper, su ɗinke buhu. In ka yi magana, amsar ɗaya ce: "Malam, shekara nawa muna ci, wa ya mutu?" Na sha jin wannan, kuma ina ganin ya kamata mu auna ta da abin da masana suka gano.

Sinadarin da ke cikin waɗannan magunguna sunansa dichlorvos, ko DDVP. Yana toshe wani sinadari a jiki da ke kashe saƙon jijiya bayan ya isar. In ya toshe, sai jijiyoyi su yi ta aiki ba tsayawa. Haka yake kashe ƙwaro, haka kuma yake yi wa mutum: yawu da gumi, amai, ƙwayar ido ta ƙanƙance, numfashi ya sarƙe. Yana shiga ta baki, ta fata, da ta hanci. A nan babu gardama tsakanin likitoci, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi a rukunin masu haɗari ƙwarai.

Batun ciwon daji kuwa, hujjar ba ta kai wannan ƙarfi ba. A 1991 cibiyar binciken kansa ta hukumar ta sa shi a rukunin 2B, wato "mai yiwuwa", domin an ga alama a gwajin ɓeraye, amma ba a samu isasshiyar shaida a jikin mutane ba. Don haka mai tura saƙo a WhatsApp cewa kwano ɗaya zai sa maka kansa ya zarce gaskiya. Shi ma mai cewa "ban mutu ba" bai kawo hujja ba, don ba wanda ya auna abin da ya shiga jikinsa, kuma ciwon kai ko jiri ba a cika danganta su da wake ba.

To lambar NAFDAC da ke jikin kwalba fa? Rajistar ta shafi amfanin da aka rubuta a takardar ne kawai, da ma'aunin da aka faɗa. Ba ta ba kowa izinin tsiyaya shi a kan abinci ba. A 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar busasshen waken Najeriya, bayan an samu dichlorvos har miligiram 4.6 a kilo ɗaya, alhali iyakarsu 0.01 ce. Ninki 460 ke nan. A 2019 NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalabe a kasuwanni da talla a titi. Amma ka zaga tasha da yamma, ka gaya mini ko ba ka gan su a faranti ba. Dokar tana nan, masu bin ta ne suka yi ƙaranci.

Abin da ya fi damuna shi ne wanda ya fi kowa shaƙa. Maganin yana tashi a iska, kuma wanki da dahuwa suna rage wani abu ga mai saye, ko da yake ba wanda zai ba ka tabbacin sun kawar da shi duka. Amma yaron shago da ya zuba da hannu ba safa, sannan ya rufe ƙofa ya kwana a kan buhunan, shi ke ɗaukar mafi yawa. A garuruwan nan da haya ta yi tsada, ƙannenmu ne ke kwana a sito.

Akwai kuma sunanmu. Wake daga Arewa yake zuwa, a hannunmu ake saye. Lokacin da bidiyon masu zuba Sniper a wake ya yaɗu a 2018, ba a tsaya bambance mai yi da marar yi ba. Mai ƙosai da mai alala in suka daina yarda da kai, da wuya su dawo.

Mafita akwai. Buhun PICS mai ciki uku, wanda Jami'ar Purdue ta Amurka ta ƙirƙiro, yana hana iska shiga har ƙwarin su mutu, ba tare da ɗigon magani ba, in dai waken ya bushe sosai kuma an ɗaure kowane ciki da kyau. Durom ko jarka mai murfi gam ma suna yin wannan aiki. Ya fi buhun da muka saba tsada, amma ana maimaita shi muddin bai huje ba.

Shawarata ga sarakunan Hausawa da shugabannin 'yan wake: ku haɗa kuɗi a sayo buhunan a sari, ku kuma sa tara ga duk wanda aka kama yana yayyafi, tun kafin hukuma ta zo ta garƙame layi gaba ɗaya. In kuma wani ya sha ko ya shaƙa, kada a ɗura masa manja ko madara, kada a sa shi amai. A cire masa kayan da suka jiƙe, a wanke fatar da sabulu, a garzaya asibiti da kwalbar a hannu.