Ra'ayinmu: Mu Kai Ɗalibanmu Gidan Makama

Ya ku 'yan uwa malamai da iyaye, akwai darasi guda a manhajar firamare da muka daɗe muna yi wa riƙon sakainar kashi, wato darasin al'adu da fasahar ƙirƙira. A mafi yawan makarantunmu, malami yakan rubuta ma'anar rini ko saƙa a allo, yara su kwafa, su haddace, su ci jarrabawa, alhali ba su taɓa ganin marina ko masaƙa ba. Gani ya kori ji, kuma abin ganin yana nan cikin birninmu.

Gidan Makama, wanda ke daura da fadar Sarkin Kano, asalinsa tun ƙarni na 15 ne, zamanin Muhammadu Rumfa. A yau gidan adana kayan tarihi ne, inda yaro zai ga ƙyamaren tsofaffin ƙofofin gari, da kayan ɗakin amarya na da, da tufafi da makamai. Ginin kansa ma darasi ne, daga zanen bango har zuwa daurin guga. A Gidan Ɗan Hausa kuwa aka zauna da Hanns Vischer, wanda ya buɗe makarantar boko a Nasarawa a 1909, kuma har da koyar da sana'o'in hannu a tsarinsa. Ga kuma marinar Ƙofar Mata, inda har gobe ake rini da baba. Yaron da ya ga waɗannan zai gane dalilin da ya sa hoton Ladi Kwali, maginiyar tukwane, ya hau takardar naira 20.

Mun san uzurorin da ake bayarwa. Kuɗin mota ya yi tsada, shugabannin makarantu na tsoron ɗaukar alhakin yara a waje, wasu iyaye kuma suna zaton gumaka ake kai 'ya'yansu kallo. Wannan zato na ƙarshe, bayani ne maganinsa: a gayyaci iyaye biyu ko uku su raka aji, su gani da idonsu cewa aikin kakanninsu ne aka adana.

Saboda haka muna kira ga shugabannin wannan reshe da su nemi zama da hukumar ilimi ta ƙaramar hukuma da masu kula da waɗannan gidaje, a tsayar da ziyara guda a kowace shekara ga ɗaliban aji biyar da shida, tare da rangwamen kuɗin shiga. Ƙungiyoyin iyaye da malamai su taimaka da kuɗin mota. Malami kuma ya riga yara zuwa, ya shirya tambayoyinsa, in an dawo kowane ɗalibi ya zana abu ɗaya da ya gani.

Yawancin ɗalibanmu 'ya'yan talakawa ne, ba wanda zai kai su in ba mu ba. Gidan tarihin da yara ba sa shiga kuwa, sannu a hankali sai ya rasa mai neman a gyara shi. Allah Ya ba mu ikon sauke wannan nauyi.