Wasiƙa ɗaya ga farfesoshin duniya

Wasiƙa ce ta ɓata mini rai a makon nan. Wani matashi da ya gama kimiyyar kwamfuta da sakamako mai kyau ya kawo mini ita, yana kukan cewa ya tura wa farfesoshi barkatai a Ingila da Jamus da Amurka yana neman wanda zai duba masa aikin digiri na uku, amma ko sallamarsa ba a amsa ba. Da na karanta sai na ga sunan farfesan kawai yake canzawa. Mai binciken tsaron intanet, da mai aikin mutum-mutumi, da mai koya wa kwamfuta harshe, kowa an ce masa bincikensa ya burge. Wane binciken? Yaron bai sani ba. ChatGPT ne ya rubuta, kuma daga layin farko ake ganewa.

Ya ku ƙannena, farfesa ba sadaka yake rabawa ba. A wannan fanni, yawanci kuɗin da ake biyan ɗalibin dakta daga tallafin bincike yake fitowa, wanda malamin ya yi gumi ya samo don wani aiki takamaimai. Zai zauna da kai shekara uku ko huɗu a Turai, biyar ko shida a Amurka. Tambayarsa ɗaya ce: wannan zai iya aikin? Amsar ba ta cikin kirari. Tana cikin maƙalarsa ta bara da ka karanta har ka ga inda ta tsaya, da ɗan gwajin da ka maimaita ka ajiye a GitHub, da tambaya ɗaya mai ma'ana da ka yi masa. Layi goma irin wannan sun fi shafi biyu na roƙo. Kuma ku daina farautar sunan jami'a. Sufabaizan da ba ya karanta aikin ɗalibi zai tsofar da kai ko da a Oxford yake. Nemi ɗalibansa na yanzu ka tambaye su halinsa, kamar yadda ake binciken aure.

Tsarin ma ba ɗaya ba ne. A Amurka kwamiti ne ke tace takardu, akasari a rufe karɓa a watan Disamba, a kuma nemi wasiƙun shaida uku. A Jamus da Holan da Suwidin sau da yawa tallar gurbin ake yi kamar aikin ofis, da albashinsa. Wanda bai san wannan ba ta taga yake neman shiga.

Na san kuɗin fom da dala ake biya, wuta da data kuma sai a hankali, ga hukumar TETFund ta dakatar da tura malamai karatu waje a farkon 2025. Amma babu ko ɗaya a ciki da ya hana mutum karanta maƙala.

Laifin kuwa ba na yaran kaɗai ba ne. Yaron da ya sayi furojet ɗinsa na aji huɗu a shagon buga takardu, malami ya sa hannu bai buɗe ba, ina zai koyi bincike? Sannan ya zo neman wasiƙar shaida a ce masa, "Je ka rubuto in sa hannu." Wannan cin amana ne. Ba ni da wani suna da zan ba shi. Kwamitin da ke can ya karanta dubban irinta, ya san wasiƙar da malami bai san ɗalibinsa ba, kuma ɗan talaka ne ke biyan kuɗin wannan lalaci.

Abin takaici, hanya na nan kusa. Deep Learning Indaba tana tara masu binciken Afirka tun 2017. Cibiyar AIMS ta buɗe digiri na biyu kan ƙirƙirarriyar basira a Kigali a 2018. Ƙungiyoyin Masakhane da HausaNLP ƙofarsu a buɗe take ga mai son sa hannu a aikin harsunanmu, kuma ta nan ne sunan ɗalibi ke hawa maƙala kafin ya nemi kowa.

Malamanmu na sassan kwamfuta, ku zauna da yaran nan ku karanta maƙala ɗaya tare, ko sau ɗaya a wata, sannan ku rubuta wasiƙunsu da hannunku. Haƙƙinsu ne a kanku.