Albam ba buhun gauraye ba ne

Mai karatu, na san kafin ka kai ƙarshen wannan rubutu za ka ce ga wani tsohon yayi nan ya zo ya na yi mana kukan zamanin kaset. Ka yi haƙuri ka karanta tukuna, sannan ka yanke mani hukunci. Ni ba kaset na ke wa kuka ba. Kaset ya ci amana ta ba sau ɗaya ba, na sha zama da biro ina naɗe zaren sa bayan rediyo ta tauna shi. Abin da ke damu na ya fi kaset girma.

Kwanan baya na shiga kasuwa a nan Dutse, wajen yaran nan masu tura waƙa a waya. Wani baffa na ne ya kwanta ciwo, ya ce ba abin da ya ke marmarin ji sai gurmin Haruna Uji, mutumin Haɗeja. Na miƙa wa yaro memori. Bai tambaye ni wace waƙa ba, sai cewa ya yi, "Baba, na nawa za a zuba?" Ka ji fa! Zubawa za a yi, sai ka ce gero a kasuwar Shuwarin. Da na koma gida na kunna, waƙar farko ba ta da suna, sai lambobi. Ta biyu kukuma ce, ba gurmi ba. Ta uku an yanke ta a tsakiya, mai tallar maganin basir ya shigo. Ta huɗu kuwa ta farkon ce ta dawo da wata lambar. Tsohon nan ya saurara, ya saurara, can ya ce, "Ɗan nan, kashe abin nan. Wannan ba Haruna ba ne."

Ban ga laifin yaron ba, abin da ya tarar kenan. Laifin namu ne baki ɗaya. Mu Hausawa Allah ya ba mu mawaƙa, ya ba mu waƙoƙi, amma kundin waƙa, wato albam, har yau ba mu ɗauke shi a bakin komai ba. Mun mai da shi buhu: a zuba duk abin da ya samu, a ɗaure baki.

Kai da ka ke karanta littattafai za ka fi kowa gane nufi na. A ce wani ya yago babi na uku na "In Da So Da Ƙauna" na Ado Ahmad Gidan Dabino, ya haɗa da babi na bakwai na "Alhaki Kuykuyo Ne" na Balaraba Ramat Yakubu, ya ɗinke ba bango ba sunan marubuci, ya ce ka saya. Za ka saya? To, albam littafi ne. Ya na da farko, ya na da tsakiya, ya na da ƙarshe, kuma akwai dalilin da ya sa waƙa kaza ta zo kafin waƙa kaza. A jikin sa akwai shekara, akwai sunan makaɗi, akwai inda aka ɗauka.

Bari in ba ka misalai daga abin da kunne na ya ji, ka ga ba da ka na ke magana ba. A majalisar mu akwai wani aboki na da ya rantse ba a taɓa yin albam kamar "Thriller" na Michael Jackson ba. Na yarda faifan nan na 1982 gwani ne: waƙa tara, Quincy Jones ya tsara sautin, kowace waƙa ta isa a yi taƙama da ita. Amma a wuri na tiren mai talla ne, kowace alawa da zaƙin ta, ba ruwan wata da wata. Ni na fi girmama "Exodus" na Bob Marley. A watan Disamba 1976 'yan bindiga su ka harbe shi a gidan sa a Kingston, ya tsira, ya bar ƙasar zuwa Landan, can ya yi wannan faifai da ya fito a 1977. Waƙa goma ce. Biyar ɗin farko ɗaci ne da gargaɗi da zancen azzalumai. Ka juya faifan, biyar ɗin ƙarshe soyayya ce da kwantar da hankali. Mutum ne da aka so a kashe, ya fara da fushi, ya ƙare da lallashi. Ka hautsina jerin waƙoƙin nan, ka ɓata labarin. A 1999 mujallar Time ta Amurka ta ce shi ne albam mafi kyau na ƙarni na 20, kuma a nan ban yi masu musu ba.

Dawo gida Nijeriya. "Zombie" na Fela bai tara waƙoƙi rututu ba, amma abin da ya faɗa wa sojoji a ciki ya isa. A watan Fabrairu 1977 su ka far wa gidan sa na Kalakuta a Legas su ka ƙone shi, aka jefo mahaifiyar sa ta taga, ta rasu a shekara ta gaba. Ko ka na son Fela ko ba ka so, ba za ka ce bai san abin da ya sa ya shiga situdiyo ba.

Leƙa Mali. Oumou Sangaré ta na 'yar budurwa ta je Abidjan a 1989 ta ɗauki "Moussolou", ma'ana "Mata" da harshen Bambara. Abin da marubutan mu mata su ke faɗa a littattafai kan auren dole da 'yancin zaɓen miji, shi ta zuba a kaset ɗaya. Sai Ali Farka Touré. Duniya ta fi sanin "Talking Timbuktu" na 1994 da ya yi da Ry Cooder, don shi ya ciyo kyautar Grammy. Ni kuwa in aka ce in zaɓa, "Niafunké" na 1999 zan ɗauka, wanda aka kwashi kayan ɗaukar sauti aka bi shi har garin sa a bakin kogi, don ya fi son zama kusa da gonar sa. A na farkon baƙo ya ke yi wa fara'a. A na biyun da 'yan gida ya ke magana.

Na ji ka, mai karatu. Cewa za ka yi wannan duk al'adar wasu ce, ai Shata bai yi albam ba, kuma duk waɗanda na lissafa ba wanda ya kai shi a kunnen Bahaushe. Rabin maganar ka gaskiya ce. Ni ma in dare ya yi tsit, Narambaɗa na ke nema, ba Bob Marley ba, kuma ko Ɗanƙwairo na kan ajiye shi a bayan Narambaɗa, duk da na san wannan magana za ta jawo mani wasiƙu. Fagen su Shata fagen biki ne da fada da gidan rediyo. Bakandamiyar da ya yi yau ba ita zai yi gobe ba: ya ƙara nan, ya rage can, ya sako wanda ya gani a wurin. To, ai wannan shi ne babban dalilin da ya sa ya kamata a ce kowane ɗauka an rubuta masa rana da gari! Wanda waƙar sa ke sauyawa kullum shi ya fi buƙatar a adana ta da tsari. Shata ya rasu a 1999. Sai da masu bincike su ka yi ta yawo gari-gari kafin littafin "Shata Ikon Allah!" ya fito a 2006. Barmani Coge ta tafi a 2013, Ɗanmaraya Jos ya bi ta a 2015. Tsakani da Allah, a cikin waƙoƙin su da ke wayar ka, guda nawa ka san shekarar da aka yi su?

Ga wata tambayar. Mai ganga na Fela, Tony Allen, da ya rasu a 2020 jaridun duniya sun yi ta'aziyyar sa, don sunan sa na jikin faifai. Kai da ka haddace waƙoƙin Shata, faɗa mani sunan mutum biyu cikin masu kalangun sa. In ka sani, madalla, amma ka tambayi ɗan ka. Mutanen nan sun ƙare rayuwar su a bayan maigida, mu ka ji daɗin hannun su, mu ka binne sunan su.

Sai mu zo kan namu na fim. A nan ne mu ka kusa dacewa. Wanda ya yi wayo a zamanin "Sangaya" na 1999, fim ɗin Ali Nuhu da Fati Muhammad, ya san yadda abin ya ke: kaset ɗin waƙoƙi kan riga fim fita kasuwa, a yi ta jin sa a shago da mota, kafin fim ya zo an haddace. Waƙoƙin su na da igiya ɗaya da ta ɗaure su, wato labarin fim. Wannan dabara daga Indiya mu ka aro ta, amma mu ka aro rabi mu ka bar rabi. A can, in aka ce "Mughal-e-Azam" na 1960, mai sauraro ya san Naushad ne ya yi kiɗa, Shakeel Badayuni ya rubuta baitoci, Lata Mangeshkar ta rera. A nan kuwa hoton jarumi ne ya cika bango. Su Misbahu M. Ahmad, da Sadi Sidi Sharifai, da Fati Nijar, da Maryam A. Baba sun daɗe su na rerawa, 'yan kallo da yawa na zaton ɗan wasan da ke motsa baki shi ne mai muryar.

Abin kunyar ma na gaba. A 2013 wani ƙaramin kamfani na Amurka, Sahel Sounds, ya tattara waƙoƙin finafinan mu ya buga su a faifan garmaho da suna "Harafin So". Baƙo ne ya zo ya zaɓa, ya jera, ya yi bango. Haka kuma Mdou Moctar, Buzun nan na Nijar mai jita, a Sakkwato ya ɗauki albam ɗin sa na farko, "Anar", a 2008, da irin sautin da mawaƙan finafinan mu ke amfani da shi. Ta waya zuwa waya waƙoƙin sa su ka fara yawo, kamar namu. Amma ya koma yin kundi mai kai da gindi, har ya kai ga "Afrique Victime" a 2021, ya na zagaya duniya da shi. A situdiyon mu ya fara, ya wuce ya bar mu mu na tambayar "na nawa za a zuba?"

Kada a ce ban yi adalci ba. Nura M. Inuwa ya ɗauki albam da daraja: ya kan sa masa suna, irin su "Afra" da "Mai Zamani", masoya su zauna jiran fitowar sa kamar yadda a ke jiran littafi na biyu. Aminu Ala, da ya ke marubucin littattafai ne tun kafin a san shi da waƙa, in ya ɗauki jigo ya kan bi shi har ƙarshe, ka saurari "Shahara" ka ji. Amma ɗauki akasarin abin da a ke kira albam a yau. Waƙa goma sha biyu, kiɗa ɗaya ne daga fiyano, an ɗan ƙara masa gudu a nan, an rage a can. Takwas na soyayya ne da kalmomi iri ɗaya, ɗaya ta amarya ce da aka biya, ɗaya ta ɗan takara, sauran biyun jerin sunayen iyayen gida ne. Kuma tun a situdiyo abin da a ke nema shi ne ɗan guntun da zai tashi a TikTok, sauran waƙar ko oho. Ni ba na faɗa da fiyano, ba na faɗa da soyayya; rabin "Exodus" ma soyayya ce. Da lalaci na ke faɗa.

Mawaƙa za su ce satar fasaha ta kashe kasuwa, biki da siyasa ne ke ba su abinci, wa zai ɓata wata shida a kan kundin da za a kwafe ran da ya fito? Wannan kuka ne na gaskiya, mai ɗaki shi ya san inda ya ke masa yoyo. Amma nawa a ke kashewa wajen rubuta sunan makaɗi da 'yar amshi da shekara a ƙarƙashin waƙa a YouTube ko Audiomack? Ko kwabo. Nawa a ke kashewa wajen cire waƙa biyar marasa amfani a bar bakwai masu kyau? Riba ma a ke ci.

In ka na son ganin inda wannan sakaci ke kai mutane, ba sai ka yi nisa ba. Hau mota daga Dutse zuwa Birnin Kudu. A duwatsun can, kusa da tsofaffin zanen shanu, akwai duwatsun kiɗa waɗanda Bature mai bincike Bernard Fagg ya yi bayanin su bayan ya gan su a 1955. Ka buga dutse ya yi ƙara kamar ƙarfe, ga gurbin da hannuwan mutanen da su ka lotsa. Kayan kiɗan na nan, amma waɗanda su ka fara buga su, ba suna ba labari. Su dai su na da uzuri, ba su da na'ura. Mu da kowa ke yawo da situdiyo a aljihu, mene ne namu uzurin?

Don haka kira na ke yi. Gidajen rediyon mu na Jigawa, in za ku sa waƙa, ku faɗi mai ita da makaɗin ta da shekarar ta in an sani. Jami'ar Tarayya ta Dutse da ta Sule Lamido a Kafin Hausa, ku tura ɗalibai gidajen dattawa su karɓo tsofaffin kaset a kwafe, a tambayi masu su abin da su ka tuna tun su na raye. Kai kuma mai sauraro, ko sau ɗaya a wata ka zaɓi albam guda ka ji shi daga farko har ƙarshe ba tsallake. In ka gama ka ga "Thriller" ya fi "Exodus", ko Ɗanƙwairo ya fi Narambaɗa, bismilla, ga fili ga mai doki, ka rubuto mu fafata.

Af, na manta ban ƙarasa maka labarin baffa ba. A ƙarshe wajen wani dattijo a Limawa na samo kaset, an rubuta "Uji" da jan biro a jikin sa. Sai da na yi kwana biyu ina neman rediyon da ke cin kaset. Da aka kunna, baffa ya hana kowa magana har gefe ɗaya ya ƙare, sannan ya ɗago hannu ya ce, "Juya." Na tambaye shi ko ya san shekarar da aka yi waƙoƙin. Ya yi shiru, ya ce shi dai ya san lokacin bai yi aure ba. Iyakar tarihin da mu ke da shi kenan, kuma a kan gadon jinya ya ke kwance.