Mdou Moctar: mun iya taka rawarsa, amma me yake cewa?

Jama'a, akwai abin da ya kamata mu duba. Ɗan jihar Tawa ne, sunansa na gaskiya Mahamadou Souleymane, duniya ta san shi da Mdou Moctar. Yau shi da ƴan ƙungiyarsa suna cika dandali a Amurka da Turai da kiɗan rok. Can ana fassara waƙoƙinsu, ana muhawara a kansu. Mu nan fa? Da an saki gita sai mu miƙe, ba mai tambayar abin da bakin ke faɗi.

Ga shi kuwa da mu yake magana. Faifansa na farko, Anar, a Sakkwato ya naɗe shi a 2008, da salon waƙoƙin finafinan Hausa. Ba kamfani ya yaɗa shi ba, samari ne suka riƙa tura wa juna daga salula zuwa salula.

Ɗauki "Afrique Victime" ta 2021. Kuka ce kan yadda ake tatsar Afirka ana barin masu ita hannu wofi. Wanda ya san cewa tun 1971 ake haƙar uraniyom a Arlit, alhali ƙauyuka da yawa har yau da cocila suke kwana, ba sai an yi masa dogon bayani ba. A faifan Funeral for Justice na 2024 akwai "Oh France", inda ya kama sunan Faransa ƙiri-ƙiri. Kada a ce ya bi iska ne: an naɗe faifan tun kafin juyin mulkin Yuli 2023, wanda ya riske su suna rangadi a Amurka.

Amma wadda ta fi damuna ita ce "Imouhar". Kira ne ga Abzinawa su riƙe Tamashek, su karanta shi, su rubuta shi, kada ya mace a bakin ƴaƴansu. To yanzu da kundin 2025 ya mai da Hausa harshen ƙasa, nauyi ya hau kanmu. Mun daɗe muna kukan Faransanci ya danne mu a lakwal da ofis. In muka toshe kunne ga harshen maƙwabcinmu, me ya raba mu da wanda muke zargi?

Wani zai ce waƙa ai daɗi ce, ba sai an ji ma'ana ba. Gaskiya ne, ba a hana kowa rawa. Sai dai mutumin da ya ɗora kukan ƙasa a kan gita bai yi don kwatangwalo kawai ba.

Shawarata ga abokan aiki na gidajen rediyo, daga Damagaram har Yamai: kafin ku saki waƙar, ku ba mai jin Tamashek minti biyu ya warware ta da Hausa. Ba su yi wuyar samu ba, suna kasuwa ɗaya da mu. Ku kuma masu saurare, ku riƙa tambaya.