Kyanwa Ba Ta Yi Butulci Ba

Sau da yawa akan ji mutum yana zargin kyanwa da butulci, wai ta kwanta rigingine gabansa, ya kai hannu zai shafa mata ciki, sai ta yakushe shi. Wannan zargi bai dace ba, domin kuwa mai shafar ne bai gane nufinta ba.

Kyanwa mafarauciya ce, amma ita ma manyan namun daji kan farauce ta. Hanjinta ba shi da ƙashin da ya tsare shi, ga kuma jijiyoyin gindin gashin wurin da saurin jin taɓi ƙwarai. In ta buɗe cikinta gaban mutum, gaisuwa ce, watau ta saki jiki da shi. Kare kan yi haka yana neman susa, shi ya sa mutane ke ruɗewa. Hasali ma, rigingine ita ce kwanciyar faɗanta, inda faratan ƙafafu huɗu da haƙora ke aiki gaba ɗaya.

Akwai masu jure wa shafar, amma ba kowace mage ce kyanwar Lami ba. Mai son faranta mata ya sosa kumatu da haɓa da gindin kunne, wuraren da ita kanta take goga wa mutum don ta bar warinta a jikinsa.